Likitan da Ba Shi da Kunne

A 1966 wani malamin jami'ar MIT da ke Amurka, Joseph Weizenbaum, ya fito da wata manhajar kwamfuta da ya raɗa wa suna ELIZA. Ya koya mata kwaikwayon likitocin masu damuwa na tsarin Carl Rogers, waɗanda kan bar mutum ya yi ta magana suna mayar masa da kalamansa.

Dabarar ba ta da wani zurfi. Ka rubuta cewa kana cikin baƙin ciki, sai ta juya maganar ta tambaye ka dalili. Ta ci karo da kalmar uwa, sai ta nemi labarin gidanku. In ta rasa abin kamawa, ta ce ka ci gaba. Shi ke nan fa. Ba ta san uwa ba, balle baƙin ciki.

Sakatariyar Weizenbaum a kan idonta ya yi wata da watanni yana haɗa abin nan, ta san sarai babu kowa a ciki. Ran nan ta zauna, ta buga 'yan layuka, na'ura ta amsa. Sai ta waiwayo ta roƙi ubangidan nata ya fita ya ba su wuri.

Me baiwar Allah ta samu a wurin ƙarfe? ELIZA dai ba ta katse mutum. Ba ta duba agogo, ba ta cewa "a yi haƙuri, kowa da tasa" tun ba ka kai rabin zance ba, ba ta ɗauko labarin wahalarta da ta fi taka, kuma ba ta fara wa'azi. Wannan fa labarin Amurkawa ne. Mu nan, alhamdu lillahi, daga maigida har 'ya'yan gida kowa gwanin saurare ne, sai dai in waya ta yi ƙara.

Wasu likitocin ƙwaƙwalwa, irin su Kenneth Colby na Stanford, murna suka yi: ga hanyar da za a sallami majinyata da yawa ba tare da kowa ya zauna da su ba. Abin ya ɗaga wa Weizenbaum hankali har ya rubuta littafi guda a 1976 yana ja da su. Shi ma bai tsira ba. Da ya ambata cewa zai duba hirarrakin da mutane suka yi da ELIZA, sai suka yi masa ca, wai yana leƙen sirrinsu.