Yadda ake tafiyar mita 400 a cikin ruwa ba tare da an je ko'ina ba

Ƙanwata, abu na farko shi ne ki cire kogi daga ranki. Na san ke 'yar Gaya ce, kin buɗi ido kin ga Kogin Isa, kin taso da sanin cewa ruwa yana da wannan gaɓa da waccan, kuma a waccan ɗin akwai Malanbil da kasuwarta. Wannan ilimin ba zai amfane ki ba. Ruwan da hukumar ninƙaya ta duniya ta yarda da shi a gasarki ba ya gudu. Tsawonsa a gasar Olamfik mita 50 ne, ɗuminsa tsakanin digiri 25 da 28, an tsaga shi da igiyoyi don kada wata ta shiga rabon wata. Babu dorina a ciki. Idan kika ga kifi, ki sanar da alƙali.

Gasar da za ki shiga ita ce ta haɗakar iyo huɗu. Mace ɗaya ce take yin su duka, bi da bi, kuma ba a sauya jerin.

Za ki fara da iyon malam-buɗe-littafi. Hannu biyu su fito daga ruwa tare, su koma tare, ƙafafu a haɗe. Shi ne ya fi cin ƙarfi, don haka aka sa shi a gaba, saboda ki shiga sauran ukun a gajiye.

Sai iyon rigingine. Ki kwanta ki kalli rufi, ki nufi inda ba kya gani. An rataya tutoci a mita 5 kafin bango domin ki san lokacin da ƙeyarki take cikin haɗari. Idan a kogi za ki yi atisayen wannan, ki lura cewa ruwan yana gangarawa ne zuwa jihar Kebbi, kuma ba a rataya tuta a hanya ba. Ki riƙe katin shaida.

Na uku iyon kwaɗo, wanda ya fi duka nawa. Na huɗu iyon ganin dama. A nan doka ta sakar miki mara ki yi irin da kike so, in ban da ukun da kika riga kika yi. Duk matan da aka ba wannan 'yancin abu ɗaya suke zaɓa, wato rarrafen ciki, domin shi ya fi sauri.

Na ga kina so ki tambaya me zai hana a yi mai saurin tun daga farko. Tambayarki tana kan hanya. Amsar ita ce wannan wata gasa ce daban, da lambarta daban, kuma ba ita kika rubuta sunanki ba.

Yanzu mu zo kan bango, domin a nan ake asarar mutane. Ki ɗauke shi kamar teburin duwan: ba a wucewa sai an nuna abin da aka nema. A malam-buɗe-littafi da kwaɗo, hannu biyu ake so, a lokaci ɗaya. A ƙarshen rigingine, dole ki taɓa shi kina kan bayanki. Akwai alƙali a tsaye a kanki wanda ba shi da wani aiki a duniya sai duban wannan. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Alex Walsh ta Amurka ta zo ta uku a mita 200, amma aka ga ta juya cikinta kafin ta taɓa bango a ƙarshen rigingine. Aka soke ta, tagullar ta koma hannun Kaylee McKeown ta Ostareliya. Ba a karɓar na goro.

Bayan kin taɓa, sai ki juyo ki koma inda kika fito. A mita 200 sahu huɗu ne, a mita 400 sahu takwas. Ki lissafa da kyau, za ki ga duka biyun suna ƙarewa ne a daidai wurin da aka fara. Haka aka tsara. Kuma ba a ɗaukar kaya. Lokacin da aka rufe gadar Gaya zuwa Malanbil a 2023 kin ga yadda kwalekwale ke tsallakewa da buhunan masara da jarkoki da babura. A nan ko ƙullin yaji ba a yarda ki riƙe ba, kuma babu mai jiran saƙo a ɗaya ɓangaren.

Kada ki raina sana'ar. Tun 1964 a Tokiyo ake ba mata zinariya a kan mita 400, Donna de Varona ce ta fara ɗauka. Ta mita 200 ta shigo a 1968, aka ajiye ta a 1976 da 1980, duniya ta ci gaba da harkokinta, sannan aka dawo da ita a 1984. A mita 400, Katinka Hosszú ta Hangari ta koma inda ta fito cikin minti 4 da daƙiƙa 26.36 a Riyo a 2016. Summer McIntosh ta Kanada ta cinye duka biyun a Faris tana da shekara 17. Mu ma ba a bar mu a baya ba: Roukaya Moussa Mahamane ta wakilci Nijar a Riyo, sai dai ita mita 50 ta yi, sahu ɗaya tak, saboda haka ta isa ƙetare.

Saura maganar tufafi. Tun 2010 doka ta ce rigar mace ta zama ta yadi, kada ta rufe wuya, kada ta wuce kafaɗa, kada ta sauka ƙasa da gwiwa. Zane ba ya cikin lissafi. Wannan sashen ki bari sai Baba ya ci tuwon dare ya sha ruwa kafin ki karanta masa, kuma ki tsaya kusa da ƙofa.