Yawon Buɗe Ido da Aljihu a Rufe

A Wara kowa ya san halina: naira in ta shiga aljihuna, a can take tsufa. Ranar da na yi niyyar zuwa kallon tarihin Yawuri, na ci alwashin ba zan kashe ko sisi ba.

Motar haya ta yi mini tsada, sai na roƙi direban wata motar awaki ya rage mini hanya. Kafin mu hau kwalta, wani bunsuru ya gama da ƙuli-ƙulin guzurina, ya koma kan gefen rigata.

Na sauka a Birnin Yawuri, tsohuwar hedikwatar masarautar kafin a koma Yelwa a 1888, ina neman ganuwa. Na sha rana har na gaji, na haye wani tudu na zauna. Wani dattijo ya zo wucewa.

"Baba, don Allah ina ganuwar birni?"

"Ɗana, ai bisanta kake zaune. Sauka kada ka ƙarasa muna ita."

A bakin ruwan Yelwa kuwa, ƙamshin bandar kifi ya kusa karya alwashina, na daure. Sai ga wani Bagunge yana kwance jirginsa. Na tambaye shi kuɗin shiga, ya ce kyauta. Na faɗa ciki har ina yi masa addu'a.

Da muka yi nisa ya miƙo mini ƙwarya. Ashe jirgin yana yoyo, kuma ni ne mai kwalfewa. Ina kwalfa yana ba ni tarihi. Ya nuna wani wuri da filafili.

"Nan ne gungun kakanninmu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye shi, aka maida mu tudu."

Na leƙa. Ruwa ne dai, irin wanda nake gani kullum a ƙofar gidanmu.

A tsakiyar kogi ya ajiye filafili, ya gyara zama.

"Malam, ka san Mungo Park? Baturen da ya ratsa nan a 1806? An ce kyautarsa ba ta kai hannun sarki ba. To, bai wuce Busa da rai ba."

"Allah Sarki. Me ya kawo wannan zance?"

"Tarihi ne kawai. Shiga kyauta ce. Komawa gaɓa ce ake biya."

Ban iya iyo ba, kuma ruwan ya kai mini idon sawu. Kuɗin da na zaro daga lalitata ya isa motar haya zuwa da dawowa, har da giwan ruwa soyayye.

Ƙofar fadar Sarkin Yawuri sai bayan magariba na gan ta, da jiƙaƙƙen wando da yagaggiyar riga. Wani bawan Allah ya dube ni, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya wuce.

Kafin mu rabu, mai jirgin ya ce in dawo lokacin bikin Rigata, zai kai ni kallon tseren jirage kyauta. Na ce, "Dawowa gaɓa fa?" Ya ce ai ba a ciniki a tudu.