Mutanen Bencin Likitan Dabbobi

Duk wanda ya taɓa zama a bencin asibitin dabbobi da safe ya san ba allura ce ke firgita dabba ba. Mai ita ne, tun daga gida.

Ga mai buhu nan. Sai da aka yi tsere a tsakar gida kafin ya kamo muzurunsa, ya cusa shi a buhun shinkafa, ya ɗaure baki, ya hau acaɓa. Yana isowa ya dire buhun daf da hancin karen wani, buhu na birgima yana gurnani. "Likita, wallahi a gida ba haka yake ba." To Malam, kai ma a cusa ka a buhu a zaga da kai Kasuwar Kurmi mu ga halinka. Da kwando mai murfi ya samo, ya bar shi a ɗaki kwana uku muzuru na shiga yana fita, ya shimfiɗa tsumman da yake kwana a kai, ya lulluɓe da zani, ya ɗora a kan benci, da hannun likita bai sha yakushi ba.

Sai Alhaji "ba ya cizo". Kare ya kai ɗan maraƙi, sarƙa na hannun yaron gida, shi kuwa Alhaji yana cikin mota yana waya. Yau karen ya fara ganin takunkumi a rayuwarsa, don haka sai an taru mutum huɗu. Aka tambayi allurar rigakafin haukan kare, Alhaji ya leƙo ta taga: "Ai an yi masa yana kwikwiyo." Ranka ya daɗe, duk shekara ake maimaitawa, kuma ba daga Ingila za a yo odarta ba, a Vom kusa da Jos ma ana haɗa ta.

Hajiya mai farar mage 'yar Farisa ita ce ta fi ba ni tausayi. Ta ƙanƙame ta a ƙirji, jiki na rawa, "Wayyo 'yata, Likita a hankali!" Magen da ta shigo lafiya ƙalau ta ji bugun zuciyar uwar ɗakinta, ta tabbata yau yanka ne.

Akwai kuma likitan gida, wanda ya riga ya "gwada ɗan abu". Rabin farasitamol ya ba kyanwa. Wannan kam ba abin dariya ba ne, guba ce gare ta.

Mai ragon layya ana saura mako guda Sallah yake tunawa da asibiti. Ƙarfe 2 na rana, rago a but ɗin mota, ƙafafu a ɗaure, an raba shi da 'yan'uwansa, sannan a ce wai yana haki.

Can ƙarshen benci wani yaro ne da kwikwiyo a cinya da guntun kilishi a aljihu. Bai cika masa ciki a gida ba, sai da likita ya ɗauko sirinji ya miƙa masa a baki. Har aka zare allura kwikwiyo na tauna.

In za ka kawo taka dabbar, zo da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka sassauta murya, kuma don Allah ka zauna nesa da karen Alhaji.