Dogon Hutu a Abuja: Masu Tafiya da Baki da Masu Tafiya da Ƙafa

Da zarar makarantu sun raba takardun sakamako a ƙarshen watan Yuli, sai Abuja ta canza kama. Cunkoson safe na hanyar Nyanya da Mararaba ya ɗan lafa, masu gasa masara su mamaye bakin titi, ruwan sama ya dinga sauka ba sallama, a cikin gidaje kuwa a taso da tambayar da ke hana magidanta barci: "Bana ina za mu?" Garin nan dai, in ka ɗebe Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin, na baƙi ne. Tun da gwamnatin Babangida ta tare a nan ranar 12 ga Disamba 1991, kowa da inda ya baro, kowa kuma da inda yake so a ɗauka zai iya zuwa. Mutum zai iya ɓoye halinsa a ofis ko a sahun Juma'a, amma ban da watan Agusta.

Na gaba a layi shi ne Alhaji Bana-Sai-Dubai. Tun yara na zangon karatu na biyu yake shelar tafiyar. Ya faɗa a majalisa, ya faɗa a ofis, har mai wanke masa mota ya sha labari. Yara sun kai makaranta, uwargida ta kai wa tela ɗinki. In ka ji yana zayyana otal-otal da kantunan can, sai ka rantse a nan aka yanke masa cibiya, alhali iyakarsa da filin jirgin Nnamdi Azikiwe rakiyar ogansa. A shekarun baya Allah ya rufa masa asiri ta hannun Larabawa: a 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, jiragen Emirates ma suka ɗauke ƙafa, sai Alhaji ya samu abin faɗa na kusan shekara biyu. "Wallahi ba don rigimar bizar nan ba, da yanzu muna can." Ranar da aka sanar an janye takunkumin a Yulin 2024, kaf Abuja ba wanda ya kai shi shiga damuwa. Sai ya koma kan dala. Nan kam yana da gaskiya, don dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Kowace yamma sai ya ratsa ta Zone 4 a Wuse, ya sauke gilas, ya tambayi 'yan canji yau nawa aka tashi, ya girgiza kai, ya ɗage gilas. Ko dala ɗaya bai taɓa saya ba, har sun daina tasowa in sun hango motarsa. Ƙarshen tika-tika tik: a makon ƙarshe na hutu za ka tarar da shi a Millennium Park da tabarma da kular dafa-duka, yara sun cika sun yi fam. Nan ma ba ya rasa ta cewa. "Kun san Sarauniyar Ingila da kanta ta buɗe wurin nan a 2003?"

Wadda ke jefa shi cikin wannan wahala ita ce Hajiya Mun-Sauka-Lafiya ta Maitama ko Asokoro, domin ita da gaske take tafiya. Ba ta hutawa kuma ba ta bari kowa ya huta. Hoton fasfo a kan cinya, hoton fiffiken jirgi, hoton farantin abincin da ita ma ba ta san sunansa ba, duk ta jera a WhatsApp da "Alhamdulillah" a ƙasa, don kada a ce fariya ce. Matan Gwarimpa da Kubwa su duba su yi mata fatan alheri, daren nan kuma mazajensu su ci tuwo ba fara'a. Kwana goma ta yi a Landan, amma hotunan da ta tara za su kai ta har Disamba, ana sakinsu kaɗan-kaɗan. Ɗanta kuwa tun daga filin jirgi ya fara kukan zafi, yaron da aka haifa a watan Afrilu.

Tana da 'yar uwa mai tafiya Umara da yara, wadda ba mai iya cewa komai a kanta, tunda ibada ce. Sai dai ta tafi da jaka biyu ta dawo da tara, kuma kafin ka gama yi mata barka da sauka ta fito maka da abaya da turare ta faɗi farashi.

Wanda na fi girmamawa a cikinsu shi ne Malam Lissafi, ma'aikacin gwamnati mai mataki na goma, mazaunin Kubwa. Shi ba ruwansa da Dubai. Tun ranar da aka ba da hutu ya zauna da biro ya auna: yara huɗu a gida tun safe har dare, ba abin da suke yi sai buɗe firji da kunna talabijin, buhun shinkafa ba zai ga ƙarshen wata ba. Washegari sai ya tara iyali ya yi huɗuba a kan zumunci. Yaran nan ba su san danginsu ba. Hausarsu ta karye. Ba su iya durƙusawa su gaida manya ba. Dole su je wajen kakarsu Hajiya a Funtuwa su ga asalinsu. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma uwargida ta san da buhun shinkafa ake magana. Da can da kansa yake kai su, amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta wuce dubu a shekarar da ta biyo, sai ya gano cewa yara na buƙatar koyon dogaro da kai. Ya kai su tashar Jabi ko Zuba, ya damƙa wa direba amana, ya karɓi lambar wayarsa, ya dawo gida ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun bara.

Akwai kuma Mai-Kashe-Hutu, wanda a wurinsa hutu ƙofar lalacewa ce. Lesin da safe, Islamiyya da la'asar, hadda bayan magariba, Asabar koyon kwamfuta. Yaronsa ne kaɗai ke murnar komawa makaranta a Satumba, don ya ɗan sarara.

Duk waɗannan, idan suka haɗu a majalisa bayan isha'i, akwai mutum guda da ke jiransu: Baba A-Zamaninmu. Ba a gama kawo maganar hutu zai gyara zama. A zamaninsu ba biza, ba otal, ba a tambayar yaro inda yake son zuwa. Wuri ɗaya ake zuwa, gida. Ina sauraronsa da kunne biyu saboda ni ma a bayan irin motar da yake magana na girma, Fijo 504 doguwa, 'yar haɗin Kaduna, mai kujera layi uku. Da daddare mahaifinmu zai sanar cewa ana idar da sallar asuba za a ɗaga, wanda bai shirya ba a bar shi. Hantsi ya dubi ludayi muna ƙofar gida a Garki, don Inna ta tuna ba a sa sabulun Gwaggo ba, ba a sa sukarin Kawu ba, ga katan ɗin madara bai samu wuri ba. Abin da but ya ƙi ɗauka a ɗaure a sama da igiyar roba, mu kuma a cusa mu a baya kamar kaji a akurki. Rigimar farko a kan taga ce, kuma kullum babban yaya ke ci, ba don hujja ba.

Kafin a bar Madalla an yi shiru, saboda Dutsen Zuma. Yaya ya riga ya tabbatar mana fuskar da ke jikinsa tana bin mota da kallo, kuma duk wanda ya nuna shi da yatsa, yatsan ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Da aka sa hoton dutsen a takardar naira 100 a 1999, sai da na ɗan yi jim kafin na riƙe ta. A Tafa masu talla za su yanyame mota, trai-trai na ayaba da dafaffiyar gyaɗa da ƙwan zabi, tunda damina ce. Inna ta sayi ƙwan, da yajinsa ƙunshe a 'yar takarda, ta ɓare wa kowa ɗaya, ta ce saura sai an wuce Kaduna. Mahaifinmu kuwa yana cikin iyayen da suka ɗauki tsayawa a hanya abin kunya ne. "Baba, fitsari." "Riƙe, mun kusa." Mun kusa ɗin nan tana iya zama Jere, tana iya zama Katari, tana iya kai ka har Mararrabar Jos. Abin da ke tsayar da shi biyu ne: sallah da hayaƙin da ke tashi daga gaban mota. Galan ɗin ruwa na musamman ake tafiya da shi saboda lagireto. A buɗe bonet, a jira ta huce, a sa dutse a bayan taya, in ta ƙi tashi kowa ya fito turi, har da mai sabon ɗinki. Kaset ɗin Shata na juyawa, ƙanwarmu mai amai ta cika alƙawarinta na kowace shekara daidai Kwangila a Zariya, sai a bi Tashar Yari, Kwanar Dangora, Kura, a shiga Kano ana kiran magariba. Kaka na bakin zaure. "Oyoyo! Wannan ne mijin nawa? Dubi wuya duk ƙashi. Abujar taku ba a dafa abinci ne? Na fasa auren."

Har nan Baba A-Zamaninmu bai yi ƙarya ba. Inda yake yanke labarin ne matsala. Ba ya faɗin cewa darajar baƙo kwana uku ce: ranar farko a yanka maka zakara, rana ta huɗu a miƙa maka fartanya, don Agusta lokacin maimai ne kuma gona ba ta san ɗan birni ba. Ba ya faɗin yankan ciyawar awaki, ko 'yan uwan da ke kwaikwayon Hausarka, ko sauron da ya fi kowa murnar zuwanka. Ya manta da zazzaɓin mako na biyu da kulorakwin ɗin da ke sa mutum susa har tafin ƙafa. Abin da ya rage masa tatsuniya a tsakar gida da fura mai sanyi da wanka a rafi. In ka ce masa to bana ya kwashi nasa yaran ya kai su mana, sai ya yi gyaran murya ya ce ai yanzu zamani ya canza. Jikokinsa suna can a falo suna kallon katun.

A wannan gaɓar Kwamandan Tsaro ke karɓar magana. Ba soja ba ne, ba ɗan sanda ba, a sashen kuɗi yake aiki, amma wayarsa cike take da saƙonnin murya da aka turo daga wanda aka turo wa. Ba zan yi masa dariya da yawa ba, domin tsoronsa yana da tushe. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta ga masu garkuwa da mutane, sunan Rijana kaɗai ya isa ya sa direba ya ƙara wuta. Jirgin ƙasan da aka ƙaddamar a Yulin 2016, mai tafiyar kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, shi ne ya zama mafaka, har manya masu jiniya suka koma layin tikiti tare da talakawa. Shi ma aka kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022, aka rasa rayuka, aka sace mutane, bai dawo aiki ba sai Disambar shekarar. Abin da ke ban mamaki da Kwamanda shi ne ba hanyar da ta tsira a bakinsa. Mota haɗari, jirgin ƙasa ganganci, jirgin sama kuma ka ga hadarin da ya haɗo? In ka ce to za ka kai yara tafkin Jabi kawai, zai tuna wani da ya san wani da kwalekwale ya kife da shi. Da ka bincika sai ka tarar shi ya tura nasa iyalin Katsina tun makon jiya, a motar haya, da daddare.

Kada a ɗauka kowa fita yake yi. Akwai masu shigowa, kuma shugabansu Kawu Na-Zo-Ganin-Gari. A ƙauye an yi ittifaƙi cewa duk wanda ke Abuja maƙwabcin shugaban ƙasa ne, ba wanda ya san ɗaki biyu ne da falo a Lugbe, ruwa ma sai an saya wurin 'yan garuwa. Kawu ba ya waya kafin ya taso. Daga Zuba zai kira, da wayar kwandasta, ya ce a zo a ɗauke su. Su nawa? "Mu kaɗan ne." A kai shi ya ga Babban Masallacin Ƙasa, a nuna masa Aso Rock daga nesa, ya tambaya don me ba za a shiga a gaisa ba. Rana ta uku ya buɗe jaka ya fito da takardun makarantar ɗansa a leda, ya ce a miƙa wa minista.

Kuma a gidan Malam Lissafi ya fi son sauka, tunda labari ya kai masa cewa yara sun tafi Funtuwa, akwai wuri. Malam ya tura baki huɗu, ya karɓi shida, manya. A makon farko na Satumba direban da aka bai wa amana ya dawo da yaran, da buhun masara, da daddawa, da kuka, da zakara ɗaure a leda ya fito da kai. Malam ya ƙirga 'ya'yansa ya ga biyar. Na biyar ɗin ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya miƙo saƙon Hajiya: wannan ɗan ƙaninka ne, ya zauna nan wajenku ya yi boko, in ya so baɗi in za ka turo su hutu sai ku haɗo da shi.