Darbejiyar Gidan Alhaji

Sana'ata saran bishiya: gatari, adda, igiya, sai injin zarto na haya in aiki ya yi girma. Mutane na tsammanin hawa sama ne wahalar aikin. Ina! Wahalar tana ƙasa, wurin masu gida.

Wani Alhaji a Kano ya kira ni kan tsohuwar darbejiyar da ke tsakar gidansa. Saiwarta ta tsaga katanga, rassanta sun kwanta a kan kwano, ɗaya har yana shafar wayar wuta. Ya ce, "Malam, ƙwal-kwabo za ka yi mata." Muka gama ciniki, ya shige mota sai kasuwa.

Ina cikin ɗaura igiya uwargida ta leƙo. "Bawan Allah, reshen da ke kan madafi kar ka taɓa shi, a inuwarsa nake tuƙa tuwo." Ba ta rufe baki ba amarya ta aiko yaro: reshen da ke ƙofar ɗakinta shi za a fara sarewa, kashin jemagu ya hana ta shanya. Na ɗaga kai na duba. Ashe reshe ɗaya suke magana a kai.

Da yake maigida ne mai biya, na bi ƙa'idar aiki. Ana ɗaure reshe tamau, a fara cin sa ta ƙasa, sannan a yanka ta sama, don kada ya yage ɓawon bishiya, yaro kuma ya riƙa sassauta igiya har ya sauka lafiya. Ɗanyen icen darbejiya ba wasa ba ne wajen nauyi. Reshe na lilo a sama, sai zirnaƙo suka fito daga kogo. Yarona ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Reshen nan bai zame ko'ina ba sai kan tankin ruwa. Tanki ya dare, ruwa ya kwashi dusar katako ya yi sallama a ɗakin amarya. Dish ɗin talabijin ya sunkuyar da kai kamar ango gaban surukai. Agwagin gidan kaɗai suka yi murna.

Kafin in sauko labari ya zaga unguwa. Tsofaffi na ɗibar ganye don wankan jego, mai ƙosai na jan itace, tana cewa gas ya fi ƙarfin talaka.

Bayan la'asar Alhaji ya dawo, rana ta dake shi a tsakar gidansa.

"Malam, ina inuwata?"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce ƙwal-kwabo."

"Na ce ka mayar min da gida filin idi? To ina itacen? Wa kuma zai kwashe wannan tarkace?"

Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Na yi hayar amalanke da kuɗina, ya cire kuɗin tanki a ladana. Na lallashe shi: bishiyar da aka kawo daga Indiya, ta jure ranar Borno tun 1928, gatarina bai isa ya kashe ta ba, da damina za ta toho.

"Madalla. Ka dawo da damina ka karɓi cikonka."

Ruwa ya sauka, na koma. Darbejiya ta yi luf-luf, jemagu sun dawo, uwargida na tuƙi a inuwa. Alhaji ya dubi bishiya, ya dube ni.

"Malam, ga ta nan yadda take. Wane aikin ka yi da zan biya ka?"