Yadda Na Kama Ɓarawon Wutar Gidana

A majalisarmu ta bakin titin Zariya, a nan Funtua, kowa da fannin da ake bar masa. Akwai mai sanin farashin taki tun daga Bakori har Malumfashi, akwai wanda ke jin abin da za a yanke a Abuja tun ba a zauna ba. Ni fannina wutar lantarki ne. Ba karatunta na yi ba, sana'ata noman masara da waken soya da ɗan auduga. Amma ina da murya, kuma na taɓa canja fis da hannuna wuta ba ta ja ni ba, shi ke nan aka sallama mini, ni ma na sallama wa kaina.

Na daɗe ina kuka da takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, wadda ake maƙala wa mutum a ƙofa ƙarshen wata. Hujjata ɗaya ce kullum: gidana gidan tattali ne, da za a auna abin da muke sha da gaske, da sai an riƙa maido mini canji. Da hukumar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024 zuwa naira 225 kowane yunit, sai na samu abin wa'azi. Na haddace rukunonin tsaf: A awa 20 na wuta a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ina zubo su a majalisa ana jinjina kai. Wani yaro mai sayar da katin waya ya ce, "Baba, ai layinmu ba ya cikin A, ƙarin bai shafe mu ba." Na ce masa duk kanwar ja ce, kuma yaro ba ya sa baki in manya na magana.

Daga nan na ƙudura sai na mallaki mita mai kati. Na fitar da masarar da na ɓoye tun kakar bara, na kai kasuwar Dandume, na dawo na bi layi har aka zo aka ɗaura mini. Ranar na gayyato 'yan majalisa, na sa babbar riga, na maƙala tabarau, na danna lambobin nan guda 20 ɗaya bayan ɗaya ina karantawa da ƙarfi. Yunit ɗin da ya fito bai kai wanda na lissafa a bayan ambulan ba. Ashe akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari, akwai kuma tsohon bashina, wanda na sha rantsewa ba ni na ci ba, ana zarar wani abu daga cikinsa duk sayen da na yi. Na ce wa baƙina mita sabuwa ce, ba ta gama warwarewa ba.

Ta kuwa warware. Katin da na yi wa alƙawarin wata, ko rabi bai kai ba ta fara tsuwa cikin dare. Na sayo wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. In na faɗa a majalisa cewa mita ta fi ƙiyasi tsada, girmana ya zube, don haka na yi shiru a waje na dawo gida na kafa mulki.

Dokar farko ta hau kan caja. Na tattara ta kowa, ta uwargida, ta 'yan mata, har ta almajirin da ke mana shara, na kulle a akwatin ƙarfe na rataya makulli a wuya. Mai son caji ya nemi izini bayan La'asar. Talabijin sai lokacin labarai, su ma na ƙarfe tara kawai. Fanka kuwa na ce iskar Allah ta ishi mumini. Na kwance ƙwan zaure, fari ɗan ƙarami, na sa a aljihu. Washegari da Asuba zan fita masallaci na yi karo da turmi a duhu, na kife a kan akuya, ita ihu ni salati. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau, ina duba akuyar ne. Na kwana biyu ina ɗingishi ina cewa sanyin ƙashi ne. Da dare kuma in ɗaura zani, in ɗauki tocila, in bi ƙofa ƙofa ina kasa kunne ko zan ji ƙarar fanka. Batirin tocilar nan kaɗai, da na lissafa, ya fi kuɗin wutar ƙwan da na cire.

Sai ga nasara ta zo. A ƙarshen watan Oktoban 2024 yunit ɗina ya tsaya cak, sama da mako bai motsa ba. Lokacin ne Arewa ta kwana cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma layin da ake lallaɓawa da shi ta Binuwai shi ma ya faɗi. Kano babu wuta, Katsina babu, masu ƙanƙara da masu walda suna kuka. Na san da wannan sarai, ina jin rediyo. Amma na tara iyali a tsakar gida, na nuna musu mita, na ce, "Kun ga amfanin tsari?" Babu wanda ya tanka. Na ɗauki shirun a matsayin an gamsu.

Da wuta ta dawo, hunturu ya shigo, aka gama kaka aka shiga bukukuwan aure, sai mita ta koma gudu fiye da da. A nan na tabbatar sata ake yi mini. Na aika aka kira ɗan ƙanwata, wanda ke koyon aikin wayarin. Yaron ya zauna ya fara yi mini lissafi a ƙasa da tsinke. Ya ce, "Kawu, yunit ɗaya shi ne wat 1000 na awa ɗaya. Caja wat 5 ce, sai ta yi awa 200 kafin ta ci yunit. Ƙwan da ka cire wat 9 ne, ya haura awa 100. Jan ƙwai irin na da, mai wat 100, awa 10 ya ishe shi. Fanka wajen wat 70. Amma duk abin da ke yin zafi, dutsen guga, hita, risho na lantarki, galibi daga wat 1000 yake farawa. Sai kuma tsohuwar firiza in robar ƙofarta ta saki, don injin ba ya hutawa. Kawu, an bar jaki ana dukan taiki." Na ce masa ban kira shi ya koya mini karin magana ba, ɓarawo nake so ya kama mini.

Ya ce abu mai sauƙi ne. A kashe komai na gidan, a zare kowane soket, a tsaya a gaban mita. Akwai ɗan jan haske da ke ƙiftawa gwargwadon wutar da ake ja. In komai a kashe yake, shi ma zai tsaya. Na yi shela aka kashe komai. Muka tsaya. Jan hasken nan yana ta ƙifta mini ido babu ƙaƙƙautawa. Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Na ce, "Allahu Akbar! Ban faɗa ba?" Kafin yaron ya buɗe baki na riga na tura a kira mai unguwa, da liman, da duk ɗan majalisar da ke kusa, don irin wannan kamu bai kamata a yi shi babu shaidu ba.

Aka bi waya. Ta shiga ɗakin ajiya, ta ɓace bayan buhunan masara. Don in nuna da gaske nake, na tuɓe riga na kama buhu da kaina, bayana ya ce ƙas, na maze. Can ƙasa sai ga wata baƙar waya ta tsufa da ƙura, ta fita ta wani rami a bango, ta nufi shagon maƙwabcina tela. Muka ɗunguma. Muka same shi da dutsen guga a hannu yana goge ɗinkin angwaye, yaronsa ma riƙe da wani. Na gyara murya, na yi jawabi a kan amana da haƙƙin maƙwabtaka, har na jawo hadisi. Tela ya ajiye dutsen, ya durƙusa ya gaida mai unguwa, sannan ya juyo cikin ladabi ya ce, "Alhaji, ai kai ka ja mini ita. Shekarar da kake neman kansila. Kai ka huda bangon da kanka, ka ce tunda kuɗin wuta ƙiyasi ne, in sha, ba abin da zai ƙaru. Shi ya sa ban taɓa karɓar kuɗin ɗinkinka ba." Liman ya ce, "Ƙwarai, ni na riƙe maka tsani." Wani daga baya ya ce shi ma yana wurin, har an raba goro.

Na ce to, an ji, amma a zare ta yanzu, don a rufe magana a ga mita ta tsaya, in samu ko rabin gaskiya in koma gida da ita. Aka zare. Jama'a suka biyo ni har gaban mita. Tana nan tana ƙiftawa, wai ita ba ta gama da ni ba. Sai uwargida ta yi gyaran murya daga bayan labule, ta ce, "Malam, a duba banɗakinka." Banɗakina kuwa ni kaɗai ke da makullinsa. Ɗan ƙanwata ya buɗe, tururi ya buso. Hitata ce, mai wat 1500, a cikin bokiti, tun Asuba na tsoma ta na manta. Ruwan ya kusa ƙonewa, bokitin ya lanƙwashe gefe ɗaya. Tun shigowar sanyi kullum sai na dafa bokiti biyu, ɗaya na wanka ɗaya na gasa ƙafar da turmi ya buge. Yaron nan, da ba a tambaye shi ba, ya ce awa ɗaya na hitar daidai yake da awa 300 na caja. Mai unguwa ya duba makullin da ke wuyana ya ce, "Wannan na mene ne?" Almajiri ya ce, "Na cajojinmu ne."

Tela ya koma dutsen gawayi kafin ya samu tasa mitar, kuma ya fara karɓar kuɗin ɗinki a hannuna, farashin kowa da kowa, har da na wuyan riga. An mayar da ƙwan zaure. Ruwan wankana yanzu da karan masara ake dafawa, ga shi nan jibge daga gona ba ko sisi, kuma katin wuta ya fara ganin ƙarshen wata. Na shirya in kai wannan majalisa a matsayin dabarar da na gano, sai na tarar liman ya riga ni isa. Hitar tana cikin akwatin ƙarfe, makullin yana wuyan uwargida. Shekaran jiya da sanyi ya tsananta na je na roƙa a hankali, don kada yara su ji. Ta ce, "Malam, a nemi izini bayan La'asar."