Jerin Ayyukana da Littafin Bashin Mai Shago

Masu son tsara ayyukansu na yini sun rabu gida biyu. Akwai 'yan takarda, masu cewa abin da hannu bai rubuta da biro ba bai zauna a kai ba. Akwai 'yan waya, masu ganin takarda ta tafi da zamaninta. Ni kam na zauna a kowace jam'iyya, na sauya sheƙa fiye da ɗan siyasa a jajibirin zaɓen fid da gwani, kuma babu inda na ci ko kansila.

Da takarda na fara. Na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo littafi mai kaurin bango, da jan biro da shuɗi. Wani abokina ya ba ni labarin Ivy Lee, Ba'amurken da aka ce a 1918 ya koya wa Charles Schwab, shugaban kamfanin ƙarafa na Bethlehem Steel, wata dabara: kowace yamma ka rubuta ayyuka shida na gobe, ka jera su bisa muhimmanci, kada ka taɓa na biyu sai ka gama na farko. Wai dala 25,000 Schwab ya biya saboda wannan shawara. Na ce ga banza ta faɗi, ni a kyauta na samu.

Na rubuta shida cif. Na farko: kiran kafinta ya duba rufin ɗakin girki. To, kafinta ba ya hawa rufi sai ya ji ɗumi a hannu, aljihuna kuwa wata ya yi nisa. Na farko ya tsaya, doka kuma ta hana taɓa na biyu. Haka na zauna ina bin ƙa'ida sau da ƙafa, ban yi komai ba. Da kunya ta ishe ni, sai na koma rubuta abin da na riga na yi don in sami abin sokewa da jan biro: tashi daga barci, karya kumallo, neman jan biro. Daga baya na yage shafin na sa a aljihun kaftani don ya riƙa bina ko'ina. Ya bi ni har wajen mai wanki da guga, ya dawo dunƙule guda, fari fat, an yafe mini duka.

Ɗan yayata ya ce, “Kawu, ai an wuce nan.” Ya saka mini manhaja a waya. Daren farko ya tafi a zaɓen launi: ja na gaggawa, kore na cefane, ruwan ɗorawa na zumunci. Matsalar ita ce jerin ayyukan gida ɗaya yake da zauren hirar 'yan ajinmu. In ɗauki waya bayan la'asar don in ga abin da ya rage, sai in tarar ana musu a kan Kano Pillars. Ai ba na bari a faɗi ƙarya ina gani. Kiran magariba ne ke ɗago kaina, in ajiye waya ban tuna dalilin ɗaukarta ba.

Manhajar tana da ƙararrawar tuni, tana kuma da maɓallin “anjima”, wanda ya zama aminina. Ranar da ta gaji da ni, a wajen ta'aziyya ta rama. Liman ya ɗaga hannu ana addu'a, sai kiɗa ya ɓarke daga aljihuna, wai lokacin sayen abincin kaji ya yi. Na bi sahun jama'a ina waige-waige, ina neman marar tarbiyyar. Washegari aka ɗauke wuta, waya ta mutu, duk ayyukana suka wuni a rumfar mai caji.

Ashe masana sun daɗe da sanin ciwona. A 1927 Bluma Zeigarnik ta wallafa bincikenta a Jamus, inda ta nuna aikin da ba a ƙarasa ba ya fi maƙalewa a ƙwaƙwalwa. Ana cewa malaminta Kurt Lewin ne ya lura sabis na gidan abinci ba ya manta abin da aka ci ba a biya ba, amma da an biya sai ya goge. A 2011 kuma Masicampo da Baumeister suka gano cewa da zarar mutum ya tsara yadda zai yi aikin, sai ƙwaƙwalwa ta daina damunsa. Tawa da ta daina damuna, barci ta yi.

Maganar sabis ɗin ce ta kai ni ga mai shagon layinmu. Littafinsa irin na 'yan firamare ne, duk maiƙon man gyaɗa, ba launi ba caji, amma ko layi ɗaya bai taɓa tsallakewa ba. Dalili kuwa, wanda ya rubuta daban, wanda zai aikata daban. Jerina ni ne mai bin bashi, ni ne wanda ake bi, kullum muna sasantawa. Shi kuwa in ya ce, “Yallaɓai, an tashi lafiya? Ya maganar nan?” babu maɓallin anjima.

Sai na je na roƙe shi ya rubuta ayyukana a ƙarƙashin sunana, ya riƙa tuna mini kowace safiya. Har dabarar Ivy Lee na koya masa. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya lashi yatsa ya buɗe shafina.

“Wannan Bature ya san aiki, Yallaɓai,” in ji shi. “Ba a taɓa na biyu sai an gama na farko. Na farko a nan sukari ne da madara, tun watan azumi.”